Ranar Alhamis Za A Kai Shi Halba

Bani Malik, Jidda
Janairu, 2008

Yaya Zubai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanen da ya daɗe bai ci tuwon hannunki ba. Yaya ƙafar taki? Man zafin da na aiko ta hannun Hajiya Hindatu na shafawa ne, kada ki adana shi a ƙasan akwati kamar turare. Mu nan lafiya lau. Matata Fatsuma tana gaishe ki, kuma jinina ya sauka tun da ta kafa mini dokar gishiri.

Na san za ki ce me ya hana ni kira a waya. Kunnenki ne ya hana. Wancan karon ihu na yi ta yi har Bangalin da ke aiki a garejinmu ya haddace sunayen 'yan gidanmu kaf, ke kuma kina tsaye a rumfar waya rabin kasuwar Yelwa na saurare. Maganar yau ba ta kasuwa ba ce.

Maganar ɗanki ce, Abdulghani. Kada gabanki ya faɗi, ƙalau yake, har wuya ya ajiye. Hannunsa a wajen aiki kuwa sai godiya, in ya kasa kunne ya saurari inji zai gaya maka inda ke masa ciwo. Ƙafarsa ce ta dame ni.

Kafilina, Balaraben da iƙamarmu, wato takardar zamanmu a ƙasar nan, ke ƙarƙashinsa, yana da ɗa mai suna Othman. Ya saya masa wata jar mota ƙirar Japan mai ƙofa biyu, irin wadda in ka taka ta sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Othman yana son motar amma tsoronta yake ji. Ɗanki ko a jikinsa. Sai suka haɗa jari, wancan ya kawo mota, wannan ya kawo ƙafa. Akwai wani abu da samarin garin nan ke yi, tafhiɗ suke ce masa. Za su sami titi mai faɗi, su sheƙo a guje, su murɗe sitiyari, mota ta riƙa tafiya a karkace tana kururuwa, 'yan kallo sun yi layi a bakin hanya suna tafi. A titin da kowa ke bi fa, Yaya, da tankokin ruwa da masu iyali a mota.

Ban farga ba sai da na ga tayoyin motar suna cinyewa kamar ana gasa su. Watan jiya wani abokinsu ya kwashi mutum biyu cikin 'yan kallo. Shi ya tashi, su ba su tashi ba. Yana hannun hukuma yanzu, kuma a ƙasar nan in rai ya salwanta ba a yi wa kowa wasa. Wannan ɗan ƙasa ne ma, ina ga namu baƙo?

Na yi faɗa, na yi nasiha, na ɓoye makulli. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Kawu.” Kwana kaɗan tayoyi su dawo a cinye. Irin “to” ɗin mahaifinsa ce sak, Allah ya jiƙansa.

Ga abin da na hango. An buɗe filin tseren motoci a bayan gari, kewayayye, da izinin hukuma. Babu mai wucewa, babu turken fitila, ga motar asibiti a tsaye. Na je wa kafili da shawarar a mayar da motar ta tsere zalla, yadda in na gama da ita ba za ta ƙara taka titi ba ko da sun so. Ban rufe baki ba ya amince, ashe shi ma ba ya samun barci. Saura ke. Ina neman yardarki, don ɗanki ne kafin ya zama nawa.

Ki gaida mutanen gida da maƙwabta.

Ƙanenki,
Gwadabe

Yelwa
Fabrairu, 2008

Gwadabe,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, man kuma ina shafawa, kai ne dai ba ka yarda da mutane. Ruwan kogi ya ja baya, masunta sai ƙorafi suke yi kamar kullum. Ka gaida Fatsuma, ka ce ta ƙara matse ka.

Na karanta, na sake karantawa, ko zan ga layin da hankalinka ya shigo cikin maganar. Ban gan shi ba. Yaro yana wasa da wuta a ɗaki, kai kuma sai ka ce bari ka gina masa murhu? Na ba ka shi ya koyi gyaran mota, ban ba ka shi ya zama abin kallo ba. Tsere tsere ne, ko a titi aka yi shi ko a fili, ko an kewaye shi da katangar gidan yari.

Ubansa bai taɓa gudu da mota ba. A hankali yake jan lodin albasarsa har yara suna masa dariya, amma duk da haka daga hanyar Kontagora hularsa aka kawo mini. Kai ka wanke shi, ba sai na tuna maka ba. Yaron nan shi ke nan gare ni. Ba ni da na gaba, ba ni da na baya.

Ka sa shi a jirgi ya dawo. Akwai gareji a Yelwa, akwai injinan jiragen ruwa da ke neman mai gyara. In ya ƙi, ka ce ni na ce. Ban amince ba. Kuma kada ka je ka ce masa na yi shiru, na san yadda kake juya magana tun kana satar mini ƙuli-ƙuli kana ɗora wa ɓera.

Na aiko da busasshen kifi da daddawa da yaji. Kifin na yaron nan ne, kai an hana ka gishiri.

Yayarka,
Zubaidatu

Bani Malik, Jidda
Maris, 2008

Yaya Zubai,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Da fatan zafin bana bai takura miki ba. Muna lafiya, saƙo ya iso, kuma na ɗanɗani kifin, ki kai ƙarata inda za ki kai.

Na isar da maganarki yadda kika faɗe ta, ban rage ko wasali ba. Sai ya ce in ya koma gida motar haya zai ja daga Yelwa zuwa Kontagora, don shi zaman bakin kogi ba zai iya ba. Ki tuna yadda yaran tasha ke gudu a wannan hanyar, da tayoyin da suka sha faci, da ramuka. A can babu ni a kusa. Murhun da kika ce kuwa, Yaya, ai don kada gida ya ƙone aka ƙirƙiro shi.

Saboda haka ban jira ba, na fara aikin. Ki yi fushi da ni, na ɗauka. Duk ranar da motar nan ta kwana da lamba a jikinta, ni ba na kwana.

Da kin ga yadda muka yi mata tsirara da kin tausaya mata. Kujerun fata, dardumar ƙasa, rediyo da manyan lasifikokin da Othman ke tayar wa unguwa hankali da su, duk mun fitar. Da aka zo cire esi sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Ya ammi, haram alek, a Jidda?” Na ce masa duk abin da ba ya sa mota ta tsaya ko ta juya, kaya ne. Gilasan gefe mun sa na roba, don in sun fashe ba sa yanka. Kujera ɗaya tak ta rage, mai zurfi kamar turmi.

Ɗanki ya so in fara da inji, a ƙara masa ƙarfi. Na ce injin ya fi ƙarfin hankalinku tun daga kamfani, ba zan taɓa shi ba. Birki na fara yi. Na sa manyan faranti da man birkin da ba ya tafasa, na canza lagireto zuwa babba saboda zafin garin nan, na ɗaura tukunyar kashe wuta kusa da giya, da wani jan makunni da in an murɗa shi komai na motar zai mutu nan take. Ɗanki ya yi ta kumbura yana miƙo mini sifana.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne wannan. Na saukar da ita ƙasa sosai, har ta kai ko tudun rage gudu na bakin layinmu ba za ta iya hawa ba sai cikinta ya karce. Tayoyin da za ta sa masu sanƙo ne, babu zane ko ɗaya, ɗan sanda na hango su zai kama. Fitilun gaba na cire na toshe gurbin. Jiya kuma kafili da kansa ya kai lambarta ofishin 'yan sandan hanya ya mayar. Yanzu in za ta je wani wuri sai dai a goya ta a bayan babbar mota. Daren jiya na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Saura babban aikin walda a cikinta, wanda ba zan ba kowa ba, da hannuna zan yi. In na gama zan ba ki labari. Ki sa mana albarka ko da kina harararmu.

Ƙanenki,
Gwadabe

Jidda
Afrilu, 2008

Yaya Zubaida,

Salamu alaikum, kef halik, kef sihha? Ni ce Fatsuma matar Gwadabe. Ki yi haƙuri, ni a Nuzla, nan cikin Jidda, aka haife ni, Hausa ina ji amma rubutun boko ban iya ba. Shi ya sa na rubuta da harafin Larabci, ki ba wani malam ya karanta miki.

Gwadabe yana mustashfa, yaani asibiti. Wuta ta ci hannunshi na dama wajen aiki, ba zai iya riƙe alƙalami ba. Alhamdu lillahi da sauƙi. Ya ce in faɗa miki maganar Abdulghani, kar ki ji a bakin wani.

Halas, an gama komai. Masu hukunci sun zo, sun duba, sun sa hannu a takarda, sun ce ba sauran magana. An sa shi cikin kafas, yaani keji na ƙarfe, ni da idona na gani. An ɗaure shi ta kafaɗa, ta ƙugu, ta tsakanin ƙafa, ko motsi ba ya iya yi. An ɗinko mishi fararen kaya daga wuya har ƙafa, da abin da za a rufe mishi kai da fuska. Ranar Alhamis bayan la'asar za a kai shi halba, a bayan gari. Mutane da yawa za su zo kallo. Ni ba zan je ba, wallahi zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Shi ba ya tsoro, yana dariya ma. Ya ce in ce miki ki yafe mishi, ya san bai ji maganarki ba. Ki yi mishi addu'a.

Ragowar kifin shi ya cinye, shukran.

Fatsuma

Yelwa
Mayu, 2008

Gwadabe, ko Fatsuma, ko duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa,

Assalamu alaikum. Na gaishe ku don haka aka saba. Allah ya ba hannunka lafiya. Tawa lafiyar kada ku tambaya.

Hajiya Hindatu ta tsaya Kano sayar da kayanta, sai shekaranjiya takardar Fatsuma ta iso. Na kai wa Malam Ubale limamin unguwarmu. Yana karantawa muryarsa tana raguwa, da ya zo wajen Alhamis sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya juya takardar wajen haske. Na ce Malam ka faɗa. Ya ce ya nemi wata fuska da za a karanta kalmar bai samu ba, halba aka rubuta. Muka duba kwanan wata, Alhamis ɗin ta wuce tuni. Ranar ina nan ina shanya kuɓewa a tsakar gida, ban ji komai a jikina ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na je rumfar waya. Taka a kashe. Na kira ta gareji, wani ya ɗauka da wani irin harshe, na yi ta tambayar yaron Gwadabe. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne, “Halba, halba, halas.” Na sa an tambayi masu 'yan uwa a can, kowa ya ce bai ji ba, wani ya ce irin wannan ba a shelarsa in baƙo ne.

Mutane sun fara shigowa. Na hana a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na ce ba zan karɓi gaisuwa ba sai na ji daga bakinka. Amma na sani.

Ka gaya mini gaskiya, kada ka tausaya mini. Ya koma titi ne ya kashe ɗan wani? Ɗan wa? Uwarsa na da wani? An ba ku shi kun yi masa wanka, ko su suka binne? A ina? Ya ci abinci ranar?

Ban ce laifinka ne ba. Kai ka ga ramin, ka ce a rufe, ni na tsaya gardama. Da na amince tun takardar farko wataƙila da ka gama da wuri, da zuciyarsa ta kwanta bai je ya ari motar wani ba. Ya ce in yafe masa. Me ya yi mini? Ni ce ya kamata in roƙe shi.

Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne, kunya ta hana. Yaron nan, yaron nan, har ya girma ya tafi. Ban san ko ya ɗauka ban damu da shi ba ne. Abdulghani. Ga shi na rubuta. Abdulghani ɗana. In ka san inda yake kwance, ka je ka faɗa masa na kira shi.

Alhaji Lado zai tashi umra jibi, shi zai kawo wannan.

Zubaidatu

Bani Malik, Jidda
Mayu, 2008

Yaya Zubai,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsu biyu ne suka dawo aiki, sauran suna hutu. Muna lafiya. Ɗanki yana lafiya. Na sake rubutawa don ki gani da idonki: yana lafiya, yanzu haka yana gabana yana cin shinkafa da hannu biyu.

Na san kin ji muryarsa a waya, amma kuka kike yi, shi ma yana yi, ga kunnenki, ban jin kin fahimci ko rabin bayanin. Shi ya sa na zauna in warware miki.

Alhaji Lado ya iso gareji da fuskar ta'aziyya, ko masauki bai nema ba. Ya kama hannuna mai lafiya ya ce, “Gwadabe, sai haƙuri, dukkanmu can za mu.” Na ce wa ya rasu? Kafin ya amsa sai ga mamacin ya turo kai daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya ce, “Kawu, miƙo mini sifana sha huɗu.” Alhaji Lado ya zauna a kan tsohuwar taya ba tare da ya duba ba. Mun yi dariya, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Da na buɗe takardarki dariyar ta tsaya.

Halba da Larabci filin tsere ne. Haka kowa ke kiransa a nan, har bakinmu ya saba. Fatsuma ba ta san mu mutanen Yawuri halbi muke cewa ba harbi ba, don zaman Jidda ya goge mini harshe, Kananci take ji a bakina. Malam Ubale bai yi kuskure ba, abin da aka rubuta ya karanta. Bangalinmu ma gaskiya ya faɗa miki, ranar da kika kira yaron yana fili wajen gwaji. Wayata kuwa, lokacin da wuta ta kama safar hannuna na tsoma hannun a bokitin ruwa, ita ma ta zame daga aljihu ta bi shi.

Kejin shi ne aikin waldar da na ce miki zan yi. Bututun ƙarfe ne masu kauri, na lanƙwasa su na kewaye mazaunin direba, sama da gefe da baya, na kafe su a ƙashin motar. Ko ta wuntsila ta kife, rufin ba zai taɓa kansa ba. Ɗaurin da Fatsuma ta gani bel ne mai harshe shida da ke riƙe shi a kujera. Fararen kayan ba sa kama wuta, abin rufe kai hular kwano ce. Masu hukunci kuma alƙalan tsere ne, sun zo sun ƙwanƙwasa kowace walda kafin su yarda motar ta shiga fili. Ga hoto nan na sa miki, yana zaune a ciki.

Ranar Alhamis ɗin na roƙi likita ya sake ni, na je da hannu a naɗe. Gwanin titi, wanda ake yi wa tafi a Jidda, shi ya zo na biyun ƙarshe. Wani dattijo mai tumbi a wata 'yar ƙaramar mota ya wuce shi a kwana kamar yana tsaye. Zuciya ta ɗebe shi, ya shiga kwana ta gaba da gudun da ya fi ƙarfinsa, motar ta juya ta yi waje. Ta shiga cikin tsakuwar da aka zuba don haka, ta tsaya cik, ƙura ta lafa, sai ga shi ya fito yana dukan hularsa don haushi. Ko ƙwarzane babu. Na tsaya ina kallon wurin ina cewa a raina, da a titi ne, a daidai nan akwai turke, ko shago, ko ɗan wani.

Na ba shi takardarki ya karanta da kansa. Da ya zo ƙarshe ya tashi ya shiga bayan gareji, bai fito ba har muka rufe. Bayan nan abokansa na titi suka zo nemansa da wata motar, ina jin sa ya ce musu uwarsa ta riga ta yi kukan mutuwarsa sau ɗaya, ba zai sa ta yi na biyu ba. Ban sa shi ba, ban ma san zai faɗa ba.

Ya ce in gaya miki yanzu duk abin da kika ce shi zai yi. In kin ce ya dawo, zai dawo, kuma wannan “to” ɗin ba irin ta da ba ce. In kin ce ya bar filin, zai bari. Motar tana can a kulle, ba za ta motsa ba sai mun ji daga gare ki.

Fatsuma ta yi kuka, ta yi dariya, ta koma kuka. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da ke ba har abada. Ki yafe mata, ni na sa ta.

Ƙanenki,
Gwadabe

Yelwa
Yuni, 2008

Gwadabe,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi. Ina lafiya, ina cin abinci, ina barci har rana ta fito. Ruwa ya sauka, an fara shuka. Allah ya ƙara wa hannunka sauƙi.

Ka ce wa Fatsuma babu komai tsakanina da ita sai alheri. Amma in za ta sake rubuto mini, ta zana hoto kawai. Shinkafar da maƙwabta suka tara don sadaka mun dafa ta duka, aka ci ana dariya, waɗanda suka fi kowa kuka su suka fi kowa loma. Malam Ubale har yau yana yawo da takardar a aljihu, duk wanda ya tsokane shi sai ya zaro ta ya ce to kai karanta mu ji.

Na yi tunani a kan maganarku. Da farko na ce ya dawo kawai in riƙa ganinsa. Sai na tuna kwanakin nan da na yi ina zaton ba ya duniya. Abin da na riƙa gani a idona ba fili ba ne, titi ne, da jini, da wata uwa da ban sani ba tana tsine mini. In na dawo da shi nan, ƙafar tasa za ta biyo shi, kuma a nan babu tsakuwar da aka zuba don ta tare shi. Na fi son ya yi haushin zuwa na biyun ƙarshe har ya tsufa.

Ya zauna. Ya yi tserensa a inda aka kewaye, kana tsaye. Ranar da ya sake yin wasan nan a titi, ko da keke ne, ka sa shi a jirgi ba sai ka tambaye ni ba. Kuma da babbar salla ya zo in gan shi, hoto bai ishe ni ba.

Hoton na kai shi bakin ƙofa wajen haske na duba da kyau. Sama ya yi, baya ya yi. Amma a gefen ƙofarsa ƙarfe biyu ne kawai a gicciye, kuma a ƙasansu akwai wani fili da na ga kan akuya zai iya shiga. Daidai haƙarƙarinsa ne. Ka ƙara ɗaya a wurin, mai kauri. Kada ka ba Bangali, kada ka ba shi ya yi da kansa. Motar ta zauna a kulle har hannunka ya warke, kai nake so ka yi.

Yayarka,
Zubaidatu